Dabbar da Aka Hana Gudu: Tarihin Tsare Namun Daji daga Ƙofar Gayan zuwa Gaɓar Teku

Ƙofar Gayan ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Zazzau, tana ɓangaren kudu, kuma a yau sunan ya wuce ƙofar kanta ya zama na unguwar da ta bazu ciki da wajen tsohuwar katangar, inda babban asibitin da aka raɗa wa sunan Hajiya Gambo Sawaba yake. Ganuwa, wato katangar ƙasa mai kauri da ake zagaye birni da ita, masana tarihi sun fi tattauna ta a matsayin kayan yaƙi, amma aikinta na yau da gobe shi ne raba gari da daji, domin idan dare ya yi aka rufe ƙofa, kura da damisa da sauran namun dawa suna can waje, mutane da bisashensu kuma suna ciki. Hanyoyin da ke fita ta kudancin birnin su ne ke gangarawa zuwa ƙasashen da Zazzau ta mallaka a ƙarni na 19, irin su Keffi da Nasarawa da Jama'a, har su dangana da kogin Binuwai, kuma ƙasa ce mai duhun itatuwa da yalwar namun daji fiye da ta arewa. Naman dajin da aka shigo da shi birni da ransa ba ya shigowa sai a ɗaure ko a keji, a matsayin dukiyar wani mutum, kuma tarihin wannan al'ada, da irin nauyin da take ɗora wa mai dabbar, ya fi tsawo da sarƙaƙiya fiye da yadda ake zato.

Babbar kariyar dabbar dawa daga bala'i ita ce gudu. Idan gobarar daji ta tashi ko kogi ya yi ambaliya, barewa da kura da jimina duk ƙafa ce ke fitar da su, kuma wanda ya kama ɗayansu ya tsare ya ƙwace mata wannan kariya ke nan, saboda haka tsirarta a ranar bala'i ta koma wuyansa ko ya sani ko bai sani ba. Abin da ya sauya a tsawon ƙarnuka shi ne girman wannan nauyi, domin kayan tsarewa sun tashi daga igiya da kejin itace, waɗanda mutum ɗaya zai iya ɗauka ya gudu da su, zuwa ginin siminti da tafkin ruwan gishiri, waɗanda ba sa motsawa daga inda aka kafa su.

Mafi daɗewar labarin da aka rubuta a wannan yanki na kyautar sarakuna ne. Ibn Haldun ya ruwaito cewa sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis, al-Mustansir, kyautar raƙumin dawa a shekarar 1257, kuma bayan kusan shekara ɗari wani raƙumin dawan ya isa birnin Fas daga Mali, jama'a suka yi dafifi don kallonsa. Sai dai a ƙasar Hausa ciniki ya fi alfahari ƙarfi wajen tsare dabbobi, kuma shaidar da ta fi fitowa fili ita ce ta jibda, dabbar nan mai kama da mage wadda ake samun turaren juda daga wata jaka da ke ƙarƙashin wutsiyarta. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya sauka Sakkwato a 1824 kuma ya ratsa Zariya a tafiyarsa ta biyu a 1826, ya ba da labarin cewa Atiku, ɗan'uwan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana kiwon jibda ɗari biyu, kowace a kejinta na itace, ana ciyar da su da dunƙulen dakakkiyar dawa da busasshen kifi. Duk bayan kwana biyu da safe akan takura dabbar a kusurwar keji, a danne kanta da sanda, a kankare turaren da ɓawon wata halittar ruwa mai kama da katantanwa. Baƙon ya lura cewa dabbobin suna da tsananin faɗa, abin da ba zai ba kowa mamaki ba idan ya duba yadda ake mu'amala da su.

Jimina ma haka, gashinta ne ya jawo mata. Ana kama 'ya'yanta a daji a rene su a gida, ana fige gashin lokaci-lokaci, wani a yi figini, wato mafici na alfarma da ake riƙe wa sarki, wani kuma fatake su ɗauka su ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga can ya wuce kasuwannin Turai inda mata ke ado da shi a hula. Darajar wannan gashi ta kai ga gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo wata tawaga ƙarƙashin Russell Thornton a 1911 don neman irin jiminar wannan yanki, suka yi ta saye ta hannun 'yan kasuwar da ke kai da kawowa tsakanin Kano da Damagaram, aka sauke tsuntsayen zuwa Legas, kuma kimanin 140 suka isa Cape Town da ransu a 1912. A shekarar da tawagar ta zo ne layin dogo ya iso Zariya, kuma shi ne ya fara rage wa ayarin Sahara kasuwa. Shekara biyu kacal bayan isar tsuntsayen, a 1914, kasuwar gashin jimina ta rushe a duniya, manoman Afirka ta Kudu da yawa suka yanka tsuntsayensu ko suka sake su. Darajar dabbar da aka tsare don riba tana bin farashi ne, kuma ranar da farashin ya faɗi ita ma bala'i ce a gare ta, ko da ba a yi ruwa ko iska ba.

Wanda talakan birni ya fi sani cikin masu tsare namun daji shi ne gardi, jam'insa gardawa, wato mai wasa da kura ko maciji ko gwaggon biri a kasuwa da dandali. Sana'a ce ta gado a mafi yawan lokuta, kuma tana tafe da sayar da magani, domin wasan shi ne ke tara jama'a, maganin kuma shi ne ke kawo kuɗi, kuma mai kallo yakan ɗauka cewa mutumin da ya iya riƙe kura da hannu ɗaya lallai yana da wani asiri da ya cancanci a saya. Ana kamo kurar ne daga raminta, a saka mata takunkumi, wato wani saƙaƙƙen abin rufe baki na igiya mai ƙarfi, a ɗaura mata sarƙa a wuya, sannan a ɗauki watanni ana horar da ita da yunwa da ƙoshi da sanda har ta saba da kiɗa da hayaniyar mutane. A fagen wasa gardi kan sa warki ko bante mai layu da guraye, da akayau a ƙafa, wato ƙarafan da ke kaɗawa idan ya taka, makaɗa suna binsa, shi kuma yana zuga dabbar ta zabura kamar za ta afka wa 'yan kallo, da'irar mutane ta watse da ihu, ya fizgo sarƙar, su sake matsowa suna jefa kuɗi. Duniya ta san waɗannan mutane ne ta hotunan da Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauka a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, kuma hotunan sun jawo suka daga masu kare haƙƙin dabbobi a Turai da Amurka.

Sai dai Bahaushe bai jira wannan suka ba kafin ya yanke nasa hukunci, domin karin maganar da ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ta riga ta bayyana yadda aka raba wahala da riba a wannan sana'a. Abin lura shi ne kura ba dabba ce da Bahaushe ke tausaya wa ba, tatsuniya ta mai da ita sarkin kwaɗayi da wauta da tsoro, amma duk da haka ita aka zaɓa don misalta wanda ake ci da guminsa. Binciken kimiyya na zamani ya ƙara wa wannan hukunci nauyi, tun da ya nuna cewa kura mai dabbare-dabbare tana zaune ne cikin babban dangi wanda mata ke shugabanta, kowace ta san matsayinta da muryar 'yan'uwanta, tana farautar mafi yawan abincinta da kanta, kuma tana iya cin kilomita masu yawa a dare ɗaya. Raba irin wannan dabba da danginta a ɗaure ta a gindin bishiya cutarwa ce ko da ana cika mata ciki da kayan cikin da aka sayo a mahauta. Amma ta fuskar bala'i gardi yana da wata fa'ida da ya kamata a faɗa don adalci: dabbarsa guda ce ko biyu, yana kwana kusa da ita, ita ce jarinsa, kuma idan ruwa ya taso ko wuta ta kama zai ja sarƙarta su hau tudu tare.

Malaman Zazzau, waɗanda unguwannin Juma da Kona suka yi suna da su, sun gaji wata ƙa'ida a kan wannan al'amari daga littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaure. Tushenta hadisin nan ne da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Daga nan malaman fiƙihu suka fitar da hukuncin nafaƙa, wato wajibcin ciyarwa, kuma Muhtasar na Shaihu Halil ya ɗora wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, ya hana a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, idan kuma mai ita ya gaza a tilasta masa fitar da ita daga mallakarsa. A wuri ɗaya littafin ya tattauna haƙƙin dabba da na bawa, abin da mai karatun tarihin Zazzau ba zai wuce shi ba tare da ya tsaya ba, ganin cewa hanyoyin kudun nan da aka ambata sun shigo da mutane a ɗaure fiye da yadda suka shigo da namun daji. Malamai sun halatta ajiye tsuntsu a keji idan ana kula da shi, suna kafa hujja da labarin ƙaramin yaron Madina mai wasa da ɗan tsuntsunsa, sun kuma hana haɗa dabbobi faɗa don nishaɗi. Ƙa'idar tana da ƙofa biyu ke nan, ko a ɗauki nauyin dabba gaba ɗaya ko a sake ta, kuma tana ɗauka cewa ƙofa ta biyu a buɗe take kullum, wato dabbar da aka saki za ta iya rayuwa da kanta.

Mulkin Turawa, wanda ya kama Zariya a 1902, ya zo da wani rabe-rabe na daban. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka rattaba wa hannu a Landan a 1900 ta kasa namun dajin Afirka gida-gida, wasu a kiyaye su, wasu a farauce su da lasisi, wasu kuma a rage yawansu saboda ana ganin su masu ɓarna ne, kuma kura da gwaggon biri da mesa, wato dukiyar gardi gaba ɗaya, sun faɗa cikin kashi na ƙarshe. A kan wannan tunani aka gina dokar kiyaye namun daji ta Najeriya ta 1916, da wadda Jihar Arewa ta yi a 1963. Tare da doka sai gidan zu ya zo, wato wurin da hukuma ke tara namun daji a kejuna don jama'a su biya su kalla: na Jos a gefen gidan tarihin da aka buɗe a 1952, na Yamai a harabar gidan tarihin ƙasa da aka kafa a 1959, da na Kano wanda Gwamna Audu Bako ya gina a farkon shekarun 1970. Da wannan, mallakar dabbar ta tashi daga hannun mutum ɗaya ta koma hannun ma'aikata, cinta da maganinta suka rataya a kasafin kuɗi, kejinta kuma ya zama gini. Zakin da ya fita daga kejinsa a Jos a Disambar 2015 harbe shi aka yi, na Kano kuwa da ya kuɓuce a Oktobar 2019 an yi kusan kwana biyu ana fama kafin a mayar da shi.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne a Maiduguri ranar 10 ga Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, kogin Ngadda ya mamaye babban ɓangare na birnin, kamar yadda ya taɓa yi a 1994. Hukumar gidan zu na Sanda Kyarimi ta sanar da cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobinta sun mutu, ta kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashe kadoji da macizai ya shigar da su unguwanni, har aka ga jimina tana ratsa ruwa a kan titi. Waɗanda suka iya iyo ko suka sami kafar fita sun zama barazana ga mutanen da su ma suke neman tsira, waɗanda ƙofar kejinsu ta riƙe kuwa a ciki suka nutse.

Akwai dabbar ruwa guda a kogunan wannan ƙasa da ke kusantar da mai karatu ga matakin ƙarshe na wannan tarihi, ita ce ayu, wadda ke zaune a Binuwai da Neja, tana cin ciyawar ruwa, tana shaƙar iska, tana kuma shayar da ɗanta nono. Wani Bajamushe mai suna Eduard Vogel, wanda ya zo Zariya a 1855 a tafiyar da ta kai shi Bauchi da Binuwai, yana cikin waɗanda suka fara aika wa masanan Turai bayaninta daga wannan yanki. Masunta na farautar ta don nama da mai, kuma idan ruwa ya janye da rani takan maƙale a tafkin da ya yanke daga kogi. A teku kuwa akwai dolfin, wanda shi ma siffar kifi gare shi amma dabba ce mai shayarwa, yana numfashi ta wata kafa a tsakiyar kansa, don haka dole ya riƙa tasowa saman ruwa. Yana gane abin da ke gabansa ta hanyar fitar da sauti da sauraron amsa-kuwwarsa, kowane ɗaya yana da fito na musamman da 'yan'uwansa ke gane shi da shi, yana iya wuce shekara 40 a duniya, kuma wani gwaji da Diana Reiss da Lori Marino suka wallafa a 2001 ya nuna yana gane kansa a madubi. Malaman Musulunci sun san shi tun da daɗewa, domin Damiri, wanda ya rasu a 1405, ya kawo shi a Hayatul Hayawan a matsayin dabbar da ke ceton wanda ya nutse.

Tsare dolfin don kallo sana'a ce ta ƙarni na 20. Ta kafu ne da buɗe Marine Studios a jihar Fulorida ta Amurka a 1938, ta bunƙasa bayan shirin talabijin na Flipper a shekarun 1960, kuma aka jera wuraren wasan a gaɓar teku mai ɗumi inda 'yan yawon buɗe ido ke zuwa, wato daidai hanyar mahaukaciyar guguwa. Wannan guguwa iska ce mai juyawa da ke tasowa a kan teku mai zafi, gudunta ya kai kilomita 119 a sa'a ko fiye, kuma tana da dangantaka da sararin samaniyar ƙasar Hausa wadda ba kowa ya sani ba. Da damina akwai wani lanƙwasa da ke faruwa a iskar sama yana tafiya daga gabas zuwa yamma duk bayan kwana uku zuwa biyar, shi ne ke tafe da yawancin hadarin gabas da manomin Zazzau ke duba a watan Agusta, kuma idan ya fita ta gaɓar Senegal ya hau tekun Atilantika yakan zama irin da guguwar ke tsirowa daga gare shi. Mafi yawan manyan guguwowin wannan teku daga nan suke farawa, har da Andrew ta 1992 da Irma ta 2017.

Dolfin da ke teku yakan kauce wa guguwa ta hanyar komawa ruwa mai zurfi, ko da yake akan sami wanda tumbatsar teku ta jefa cikin magudanar ruwa a tudu. Na tafkin siminti kuwa ransa na rataye ne da wutar lantarki, domin injuna ne ke tace ruwan da daidaita sanyinsa, kuma kifin da yake ci a firiza yake. Da guguwar Katrina ta doshi jihar Misisipi a ƙarshen Agustan 2005, gidan wasan Marine Life da ke Gulfport yana da dolfin 14, aka kwashe shida aka zuba su a tafkunan ninkaya na otal-otal da ke nesa da gaɓa, aka bar takwas a babban tankin da ya taɓa jure guguwar Camille a 1969. Ranar 29 ga wata teku ya tumbatsa da tsayin kusan mita 8 a wasu sassan gaɓar, ya rushe ginin, ya tafi da duka takwas ɗin. Bayan kusan mako biyu aka hango su a tare kusa da bakin tashar jiragen ruwa, sun rame kuma da raunuka a jikinsu, masu horar da su suka riƙa fita da kwalekwale suna busa usur suna ba su kifi da magani, suka koya musu hawa kan wata tabarmar roba mai yawo a ruwa, da haka aka ɗebo su kaɗan-kaɗan aka ajiye a tafkunan wucin gadi na sojan ruwan Amurka. A farkon 2006 aka kai su wani wurin shaƙatawa mai suna Atlantis a tsibiran Bahamas, suka ci gaba da aikin da suka saba. A New Orleans kuwa, gidan baje kolin halittun ruwa na Audubon ya tsira daga iskar, amma janareta ya gaza, mafi yawan kifayensa dubbai suka mutu.

Ɗaukar dolfin daga wuri zuwa wuri aiki ne mai hatsari, domin jikin da ya saba ruwa na ɗauke masa nauyi yana danne huhunsa idan aka fitar da shi, fatarsa tana tsagewa idan ta bushe, zafi kuma yana taruwa masa a jiki. Shi ya sa ake rataya shi a shimfiɗa mai kafofin da fukafukansa za su fita, a shafa masa mai, a riƙa yayyafa masa ruwa, likitan dabbobi yana ƙidaya numfashinsa har a isa. Haka aka yi a Kyuba a Satumbar 2017, inda aka naɗe dolfin shida da jiƙaƙƙun tawul aka ɗauke su a jirgi mai saukar ungulu daga Cayo Guillermo zuwa Cienfuegos kafin Irma ta iso. A Miami kuwa, a guguwar nan dai, an bar Lolita, wata babbar dabba daga dangin dolfin da aka kama tun 1970, a tankinta, domin dabbar da nauyinta ya kai tan uku ba a ɗaga ta cikin gaggawa.

Ɓangarori biyu na muhawara kan tsare dolfin sun karanta labarin Gulfport, kowa ya ga hujjarsa. Masu gidajen wasa sun ce ga shi dabbobin sun sami teku a buɗe amma ba su tafi ba, sun jira masu kula da su. Masu adawa, waɗanda fitaccensu shi ne Ric O'Barry, tsohon mai horar da dolfin na shirin Flipper da ya juya wa sana'ar baya a 1970, sun ce wannan shi ne girman ɓarnar, tun da an mai da mafarauci ya kasa ciyar da kansa a cikin ruwa mai kifi. Magana ta biyu ta fi ƙarfi, kuma a nan ne ƙa'idar malamai ta haɗu da yanayin da ba ta yi tanadinsa ba, domin ƙofar saki ta rufe ga dabbar da aka haifa a tanki. An yi nasarar mayar da wasu teku, kamar biyun da aka saki a Turkiyya a 2012 da Jedol a tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu a 2013, amma dukansu a teku aka kama su da farko, kuma sai da aka yi musu doguwar tarbiyya ta komawa farauta. Hujjar cewa tsarewa tana ceton iri daga ƙarewa tana da gaskiya a wani wuri, misali jiminar Sahara da ta ɓace daga dajin Nijar ana kiwonta a Kelle ta jihar Damagaram da niyyar mayar da ita daji. Ga dolfin kuwa hujjar ba ta tsaya ba, domin irin da ya cika tankunan duniya ba ya cikin haɗarin ƙarewa, alhali dolfin mai doro na gaɓar Afirka ta Yamma, wanda aka sa a jerin mafiya shiga haɗari a 2017, ba a wasa da shi a ko'ina.

Akwai kuma shaidar cewa sabo tsakanin mutum da naman daji ba ya buƙatar sarƙa. A Harar ta Habasha, birnin Musulmi mai ganuwa da ƙofofi, kuraye na shiga gari da dare ta kafofin da ke jikin katanga, wasu mutane na ba su nama da hannu a bayan gari, su ci su koma daji. A gaɓar Muritaniya an daɗe ana ba da labarin masuntan Imragen waɗanda ke dukan ruwa da sanda, dolfin su koro musu kifi zuwa taru.

Dokoki sun bi wannan muhawara a hankali. Gidajen wasan dolfin na ƙarshe a Birtaniya sun rufe a farkon shekarun 1990 bayan an tsaurara sharuɗɗa, Indiya ta hana kafa su a 2013, Kanada ta haramta kamawa da hayayyafar irin waɗannan dabbobi a tsare a 2019, Faransa ta bi sahu da dokar 2021. Sai dai hani ba ya sauke nauyin dabbobin da suka riga suka shiga hannu: da gidan Marineland na Antibes a Faransa ya rufe a Janairun 2025, dolfin 12 da manyan danginsu biyu sun ci gaba da zama watanni a tankunan da ke tsufa ana jayayya kan inda za a kai su. Ta ɓangaren bala'i kuwa, sai a 2022 ne ƙa'idar Amurka da ke tilasta wa duk mai baje kolin dabbobi ya rubuta shirin ko-ta-kwana ta fara aiki, shekara 17 bayan Katrina, kuma abin da take nema shi ne a fayyace irin bala'in da ka iya aukuwa, da aikin da za a yi, da wanda zai ba da umarni, da kayan da za a yi amfani da su. Gidajen zu na arewacin Najeriya, waɗanda akasarinsu mallakar gwamnatocin jihohi ne kuma Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana cikin masu yaye musu likitoci tun shekarun 1960, tambayoyinsu ba su bambanta da waɗannan ba: wace dabba za a fara fitarwa, da wace mota, zuwa wane tudu, wa ke riƙe da allurar sa barci da mabuɗin keji, kuma wa zai ɗauki waya idan madatsar da ke sama da gari ta ɓalle da tsakar dare.